Takardun Kuɗin Ƙaramar Ƙungiyar Agaji: Abin da Suke Nunawa da Inda Suke Yin Shiru

A watan Yulin 2022 jaridar New York Times ta bankaɗo wani lamari da ya ɗaure wa masu ba da gudummawa kai a Amurka. An gano ƙungiyoyin agaji 76 na bogi da ke amfani da akwatin wasiƙa guda ɗaya a Staten Island ta birnin New York, kuma dukkansu hukumar tara haraji ta ƙasar, wato IRS, ta amince da su, ta yafe musu haraji. Da yawansu an raɗa musu sunaye masu kama da na manyan ƙungiyoyin da kowa ya sani, irin su American Cancer Society da United Way, sai a liƙa sunan wata jiha ko wani birni a ƙarshe. Duk wanda ya shiga rumbun bayanan hukumar ya rubuta sunan ɗaya daga cikinsu, zai same ta a jere da ƙungiyoyin gaskiya.

Shawarar da aka saba ba mai son ba da taimako ita ce ya duba ko ƙungiya tana da rajista, ya kuma duba takardun kuɗinta. To idan ƙungiyar bogi za ta iya samun rajista, me ya rage wa takardun? Suna da amfani sosai, amma ga wanda ya san mene ne su, wa ya cika su, kuma wace tambaya suke iya amsawa. Wannan ya fi muhimmanci ga ƙananan ƙungiyoyi, domin su ne manyan jaridu ba sa bibiya, su ne kuma doka ta fi sassauta wa wajen bayyana bayanai.

Rajista daban, rahoto daban, binciken odita daban

Abubuwa uku ake yawan cakuɗawa. Na farko rajista. A Amurka, ƙungiyar agaji kan nemi matsayi ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji. Matsayin yana nufin ta yi alkawarin cewa manufarta ta taimakon jama'a ce, ko ilimi, ko addini da makamantansu, kuma babu mai hannun jari da zai raba ribarta. Kalmar "ba ta neman riba" ba ta hana ƙungiya biyan albashi ko samun rarar kuɗi a ƙarshen shekara. Abin da ta hana shi ne rarar ta zarce aljihun wani. A Ingila da Wales, hukumar Charity Commission ce ke riƙe da rajistar. Ko can ko nan, rajista shaida ce ta cewa an cika sharuɗɗan shiga. Ba ta ce komai game da yadda ake tafiyar da kuɗi bayan an shiga ba.

Na biyu rahoton shekara. A Amurka shi ne Fom 990. Ƙungiya ce ke cika shi da kanta, ko ta ɗauki akanta ya cika mata, sannan ɗaya daga cikin shugabanninta ya sa hannu bisa rantsuwar cewa gaskiya ya rubuta. Hukuma tana karɓa ta ajiye, amma ba ta bin kowane fom layi-layi ta tabbatar. Saboda haka fom ɗin maganar ƙungiya ce a kan kanta, sai dai magana ce da ƙarya a cikinta laifi ne.

Na uku binciken odita, wato akanta mai zaman kansa daga waje ya duba littattafai da rasit da bayanan banki, ya rubuta ra'ayinsa. Shi kaɗai ne cikin ukun ke ɗauke da idon wani na waje, kuma shi ne yawancin ƙananan ƙungiyoyi ba su da shi.

Yadda aka zo nan

Tushen tsarin musaya ce. Gwamnati ta haƙura da harajin da za ta karɓa, ita kuma ƙungiya ta buɗe littattafanta ga jama'a. Kamfani mai zaman kansa yana iya ɓoye takardun harajinsa, ƙungiyar agaji ba ta da wannan damar. Dokar Amurka ta wajabta mata nuna rahotanninta na shekaru uku na baya-bayan nan ga duk wanda ya nema.

Shekaru da dama ƙananan ƙungiyoyi ba sa miƙa komai, har hukuma ta rasa sanin waɗanne ne ke raye. Wata doka ta 2006 ta sauya haka: kusan kowace ƙungiya, komai ƙanƙantarta, sai ta riƙa miƙa wani abu duk shekara, kuma wadda ta yi shekaru uku a jere ba ta miƙa ba, matsayinta ya faɗi kai tsaye. A watan Yunin 2011 IRS ta sanar da cewa kusan ƙungiyoyi 275,000 sun rasa matsayinsu ta wannan hanya. Wata dokar ta 2019 ta wajabta miƙa fom ta intanet, abin da ya sauƙaƙa wa shafuka irin su Nonprofit Explorer na ProPublica da Candid tattara su kyauta ga mai nema.

Ta ɗaya ɓangaren kuma an sassauta ƙofar shiga. A 2014 hukumar ta fito da gajeren fom na neman rajista mai suna 1023-EZ, domin ƙungiyoyin da ba sa sa ran samun fiye da dala 50,000 a shekara. Mai nema yana tabbatar da cewa ya cika sharuɗɗa ne kawai, ba tare da haɗa takardun kafa ƙungiyar ba. Masu goyon baya sun ce hakan ya rage cunkoson buƙatun da ke ɗaukar watanni, ya kuma sauƙaƙa wa masu ƙaramin ƙarfi. Masu suka, ciki har da ofishin da ke kare haƙƙin masu biyan haraji a cikin hukumar kanta, sun ce an buɗe wa waɗanda ba su cancanta ba ƙofa. Labarin ƙungiyoyi 76 ya ƙarfafa hujjar masu sukan.

Girman ƙungiya ke yanke yawan abin da za a gani

A nan gizo ke saƙar. Ƙungiyar da kuɗin shigarta ba ya wuce dala 50,000 a shekara tana miƙa Fom 990-N ne, wanda tambayoyi takwas ne kacal: suna, adireshi, lambar haraji, sunan babban jami'i da makamantansu, sai tabbacin cewa kuɗin bai haura iyakar ba. Babu alƙalamin abin da aka samu, babu na abin da aka kashe. Wanda ya ce zai auna irin wannan ƙungiya daga takardunta na hukuma, abu ɗaya zai iya sani: tana miƙawa ko ba ta miƙawa.

Idan kuɗin shiga bai kai dala 200,000 ba, kadarori kuma ba su kai dala 500,000 ba, ana iya miƙa 990-EZ, mai shafi huɗu. Yana nuna kuɗin shiga, manyan hanyoyin kashewa, sunayen shugabanni da abin da ake biyansu. Daga nan zuwa sama sai cikakken Fom 990 mai shafi goma sha biyu da rataye-ratayensa, wato ƙarin takardun bayani da ake haɗawa da shi, kowanne da harafinsa. Majami'u da masallatai da sauran wuraren ibada ba a tilasta musu miƙa komai ba. Akwai kuma ƙananan ayyuka da ba su da rajistar kansu, suna fakewa ne ƙarƙashin wata babbar ƙungiya da ke karɓar musu kuɗi bisa yarjejeniya. Rashin ganin sunan irin waɗannan a rumbun hukuma ba laifi ba ne, muddin sun faɗi sunan uwar ɗakin nasu, ita kuma ta tabbatar.

Ingila da Wales ma matakai suke bi. A ƙa'idar da aka yi shekaru ana aiki da ita, ƙungiya na yin rajista idan kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000, tana miƙa rahoton shekara idan ya wuce fam 10,000, sannan daga fam 25,000 take haɗawa da cikakken lissafi da rahoton amintattu, wato 'yan kwamitin da ke kula da ƙungiyar. Wa'adin wata goma ne bayan ƙarshen shekarar kuɗi, kuma shafin hukumar yana nuna wa kowa idan an makara, har da adadin kwanakin.

Karanta fom ɗin

Fom guda ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa. A jera na shekaru uku ko fiye, sai labari ya fara fitowa. Lissafin da aka rufe da shi bara ya kamata ya zama wanda aka buɗe da shi bana. Idan bara an rufe da dala 80,000 a hannu, bana aka buɗe da 45,000 ba tare da bayani ba, akwai abin tambaya. Haka idan alƙaluma suka zo iri ɗaya sak shekara da shekara, ko duk suka ƙare da sifili uku-uku, alama ce ta cewa ƙiyasi ake yi, ba a ajiye littafi.

Sai a ɗauki sashe na uku, inda ƙungiya ke bayyana manyan ayyukanta uku da abin da ta kashe a kan kowanne, a gwada da abin da take faɗa a shafinta na intanet da saƙonninta na neman taimako. A ɗauka wata ƙungiya tana shelar cewa ta gina makarantu goma a shekara guda, fom ɗinta kuma ya nuna duk abin da ta kashe a ayyuka dala 30,000 ne. Ko dai makarantun na wasu ne ita ta ɗan sa hannu, ko "ginawa" na nufin gyaran rufi, ko maganar ba ta da tushe. Fom ba zai faɗi wanne ne ba, amma ya ba mai karatu tambayar da zai yi. Wannan gwadawar, a ganina, ta fi kowane lissafin kashi-cikin-ɗari amfani, domin wanda ke rubuta talla da wanda ke cika fom sau da yawa ba sa zama su daidaita bakinsu.

Daga nan sai mutanen da ke riƙe da ƙungiyar. Sashe na shida na cikakken fom yana tambayar adadin 'yan kwamitin amintattu masu ƙuri'a, da nawa ne a cikinsu ba sa cin albashi ko kwangila daga ƙungiyar, da ko akwai dangantakar jini ko ta kasuwanci a tsakaninsu. Sashe na bakwai yana jera sunayensu da sa'o'in aikinsu da abin da ake biyansu. Ƙungiyar da amintattunta uku ne, miji da mata da ƙanin miji, ba lallai ne ta zama ta cuta ba. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa a cikin gida suke farawa, sau da yawa bayan wani rashi ko wata jinya da ta taɓa iyalin. Amma idan shekara biyar ta wuce, kuɗi ya ninka, kwamitin bai sauya ba, to babu wanda zai iya ce wa shugaba a'a, kuma shi ke yanka wa kansa albashi.

Rataye mai lakabin L shi ne wurin da ya fi cancantar a daɗe a kai. A nan ake bayyana mu'amalar kuɗi tsakanin ƙungiya da mutanenta na ciki: rancen da aka ba shugaba, hayar ofis da ake biyan ɗan kwamiti, kwangilar da aka ba kamfanin ɗan'uwa. Alkiblar kuɗin ita ce abin lura. Wanda ya kafa ƙungiya ya ranta mata daga aljihunsa don a biya ma'aikata, wannan abu ne da aka saba gani a ƙananan ƙungiyoyi, kuma ya fi nuna ƙarancin kuɗi da sadaukarwa. Ƙungiya ta ranta wa shugabanta kuɗin gudummawa, wannan wani abu ne daban, har wasu jihohin Amurka sun haramta shi.

Akwai kuma wata tambaya guda a sashe na shida da aka ƙara tun daga fom na 2008: shin a wannan shekara an gano an karkatar da wani babban kaso na dukiyar ƙungiya? A 2013 jaridar Washington Post ta bi diddigin wannan layi, ta samu ƙungiyoyi fiye da 1,000 da suka amsa da e tsakanin 2008 da 2012. Amsar e ba hukunci ba ce a kan ƙungiya, domin wadda ta gano sata ta faɗa ta fi wadda ta rufe. Abin dubawa shi ne bayanin da ta biyo da shi: nawa ne, an kai ƙara, an sauya tsarin sa hannu a banki?

Ɓangaren kuɗin shiga yana nuna inda ƙungiya ta jingina. Wadda kashi 90 cikin 100 na kuɗinta daga mutum ɗaya ko tallafi ɗaya yake fitowa tana iya rufewa ranar da wannan hannun ya janye. Sunayen masu bayarwa ba sa fitowa a kwafin da jama'a ke gani, amma rataye na A yana nuna kason tallafin da ya fito daga jama'a a tsawon shekaru biyar.

Na ƙarshe, asusun ko-ta-kwana. A ɗauki kuɗin da ke hannu wanda ba a ɗaure shi da sharaɗin mai bayarwa ba, a raba da abin da ake kashewa a wata. Sakamakon shi ne watannin da ƙungiya za ta iya rayuwa idan gudummawa ta tsaya. Bambancin kuɗi mai sharaɗi da marar sharaɗi yana da nauyi a nan: ƙungiya na iya nuna dala 100,000 a banki alhali 95,000 an bayar ne don wani gini kawai, ba za a iya biyan albashi da su ba. Kids Company, ƙungiyar kula da yara da aka kafa a Landan a 1996, ta rufe a watan Agustan 2015, 'yan kwanaki bayan gwamnatin Birtaniya ta ba ta fam miliyan 3. Odita na duba littattafanta duk shekara, amma kusan ba ta da ajiya, kuma wannan a fili yake cikin lissafinta ga mai dubawa. A 2021 babbar kotu ta ƙi amincewa da buƙatar haramta wa amintattunta riƙe muƙami. Wato ba sai an yi rashin gaskiya ba ƙungiya ke durƙushewa, kuma yaran da ke dogaro da ita rashin ɗaya ne gare su.

Gardamar kuɗin gudanarwa

Babu alƙalamin da ya kai wannan shahara, babu kuma wanda ya kai shi jawo saɓani. Sashe na tara na cikakken fom yana raba abin da aka kashe gida uku: ayyuka, gudanarwa, da neman gudummawa. Daga nan ake fitar da maganar "kashi kaza cikin ɗari na kuɗinku na zuwa ga mabuƙata".

Masu riƙo da wannan ma'auni suna da hujja mai ƙarfi. A 2013 jaridar Tampa Bay Times tare da Center for Investigative Reporting sun fitar da jerin ƙungiyoyi 50 mafi muni a Amurka. Cikin shekaru goma sun tara kimanin dala biliyan 1.3, kusan biliyan 1 ya tafi ga kamfanonin da ke roƙa musu kuɗi ta waya da wasiƙa. Daga takardun da aka miƙa wa hukumomi aka ciro waɗannan alƙaluma, kuma da ba a tilasta rarrabewar ba, da ba a gani ba. Cibiyar BBB Wise Giving Alliance, mai tantance ƙungiyoyin agaji a Amurka, ma har yanzu tana da ƙa'idar cewa aƙalla kashi 65 cikin 100 na kashewa ya tafi ga ayyuka, kuɗin neman gudummawa kuma kada ya wuce kashi 35 na abin da aka tara. Dalilin da ya sa nauyin ya koma kan mai bayarwa shi ne doka ba ta ɗaure hannun masu roƙon ba. Kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1988 cewa jiha ba ta da ikon ƙayyade kamashon masu neman gudummawa, domin roƙon taimako na cikin 'yancin magana. A 2003, a shari'ar wani kamfani da ke riƙe kashi 85 na abin da ya tara da sunan tsoffin sojoji, ta ce ana iya gurfanar da mai roƙo idan ya yi ƙarya a kan inda kuɗin ke zuwa, amma yawan kamasho shi kaɗai ba zamba ba ne.

Ɗaya ɓangaren suna cewa ma'aunin ya yi ɓarna fiye da gyara. A 2009 Ann Goggins Gregory da Don Howard sun bayyana a mujallar Stanford Social Innovation Review yadda abin ke zagayawa: masu bayarwa na son ganin ƙaramin kuɗin gudanarwa, ƙungiyoyi sai su ƙi ɗaukar akanta, su ƙi gyara kwamfuta, su kuma rage alƙalamin a takarda, masu bayarwa sai su ɗauka hakan ne daidai, su ƙara matsawa. Wani bincike da suka dogara da shi ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙungiyoyin da suka tara aƙalla dala 50,000 sun rubuta cewa ba su kashe ko sisi wajen neman gudummawa ba. A watan Yunin 2013 shugabannin GuideStar da Charity Navigator, cibiyoyin da ke ba jama'a bayanai kan ƙungiyoyin agaji, da ita kanta BBB Wise Giving Alliance suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon masu bayarwa su daina auna ƙungiya da wannan alƙalami shi kaɗai.

Ga ƙaramar ƙungiya, hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi, saboda lissafi ne tsagwaronsa. Kuɗin akanta da inshora da haya ba sa raguwa don ƙungiya ƙarama ce. Dala 15,000 na irin waɗannan kashi 25 ne ga mai kasafin dala 60,000, amma kashi 1.5 ne ga mai dala miliyan ɗaya, alhali ƙila ta farkon ta fi tsantseni. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne a gefe-gefe. Idan kashi 80 ko 90 na tafiya ga kamfanin roƙo shekara bayan shekara, ruwa ba ya tsami banza, kuma rataye na G yana nuna sunan kamfanin da abin da ya tara da abin da ya riƙe. Idan kuma ƙungiya na da ma'aikata da ofis amma ta ce kashi 99 na zuwa ayyuka, rarrabewar ce ba a yi da gaskiya ba.

Inda alƙaluma ke yaudara

A watan Mayun 2015 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, da dukkan jihohin Amurka 50 suka shigar da ƙara a kan ƙungiyoyi huɗu masu iƙirarin taimaka wa masu ciwon daji, ciki har da Cancer Fund of America. An zarge su da tara dala miliyan 187 tsakanin 2008 da 2012, wanda ƙasa da kashi 3 cikin 100 ya isa ga marasa lafiya. Takardunsu kuwa sun nuna ƙungiyoyi masu inganci. Dabarar ita ce gudummawar kaya. Sun rubuta sama da dala miliyan 223 a matsayin kayan da aka ba su suka rarraba a ƙasashen waje, alhali a cewar masu ƙara kayan ba nasu ba ne, wucewa kawai suka yi ta takardunsu, an kuma kumbura darajarsu. Wannan ya ɗaga kason "ayyuka", ya danne na roƙo.

Saboda haka idan gudummawar kaya ta yi yawa a fom, musamman magunguna, a ware ta gefe a sake lissafi da tsabar kuɗi kaɗai. Wata dabarar ita ce a saka ɗan saƙon faɗakarwa cikin wasiƙar neman taimako, sannan a lissafa rabin kuɗin bugawa da aikawa a matsayin aikin wayar da kai. Ƙa'idojin lissafi sun yarda da hakan bisa sharuɗɗa, kuma akwai layi na musamman a ƙarshen sashe na tara da ke nuna shi.

Binciken odita na iya kama wasu daga cikin waɗannan, amma dokar tarayya ba ta wajabta shi ba sai ga masu kashe kuɗin gwamnati mai yawa. Jihohi ke sa nasu iyaka: dala miliyan 2 a California, miliyan 1 a New York. Ƙungiya mai kasafin dala 100,000 da ba ta da rahoton odita ba ta saɓa wa komai ba, kuma kuɗin binciken zai cinye mata kaso mai tsoka. A Ingila an samar da matsakaicin mataki, inda wani masani na waje ke yin duba marar zurfi ga ƙungiyoyin da ba su kai girman cikakken bincike ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai bayarwa da ƙungiya

Takardu sun fi ƙarfi wajen nuna matsala fiye da tabbatar da nagarta. Fom mai tsabta yana iya fitowa daga ƙungiyar da aikinta ba ya amfanar kowa, ko daga ɗan damfarar da ya ɗauki ƙwararren akanta. Fom mai kurakurai kuma sau da yawa na ɗan sa-kai ne da ya cika shi da dare bayan ya tashi daga aikinsa. Matsalar irin wannan auna ita ce takan hukunta marasa kuɗin ɗaukar ƙwararru, ta tura gudummawa ga manyan da suka riga suka tsaya da ƙafafunsu. Babu kuma layin da ke faɗin ko yaran da aka koyar sun iya karatu, ko rijiyar da aka haƙa tana da ruwa bayan shekara biyu. Shi ya sa Charity Navigator ta fara faɗaɗa ma'auninta tun 2020 don ya haɗa da tasirin aiki.

Akwai kuma tazarar lokaci. Fom na shekarar da ta ƙare a Disamba ana miƙa shi ne zuwa 15 ga Mayu, kuma ana iya neman ƙarin wata shida zuwa 15 ga Nuwamba. Kafin ya bayyana a intanet, abin da ke ciki ya kusa shekara ko ya wuce. Ƙungiyar da aka kafa bana don wata ambaliya ko girgizar ƙasa ba ta da fom ko ɗaya, a daidai lokacin da take tara mafi yawan kuɗinta. Ga irin wannan, abin da za a iya tabbatarwa shi ne lambar harajinta ta yi daidai da sunanta da adireshinta a rumbun hukuma, kuma asusun da ake tura kuɗi na ƙungiya ne, ba na wani mutum ba. Da an gwada adireshin ƙungiyoyi 76 ɗin nan da na manyan ƙungiyoyin da suka ari sunansu, da an ga bambancin.

Ga ƙaramar ƙungiya mai gaskiya, dokar ta bar mata sarari ta yi fiye da abin da aka tilasta mata. Mai miƙa 990-N na iya wallafa lissafin shiga da fita na shafi ɗaya a shafinta, da sunayen amintattunta, ba tare da kashe komai ba. Wasu ma kan zaɓi cika 990-EZ duk da ba dole ba ne, don masu ba su tallafi su sami abin dubawa.

Mai bayarwa kuma yana da haƙƙin nema kai tsaye. A Amurka, idan mutum ya je ofishin ƙungiya ya nemi kwafin fom ɗinta, doka ta ce a ba shi nan take, idan a rubuce ya nema kuma cikin kwana 30, sai dai idan ta riga ta wallafa shi a intanet inda kowa zai samu. Ƙin bayarwa na jawo tarar da ake lissafawa kullum. Ba a buƙatar mai nema ya faɗi dalilinsa. Ma'ajin da aka tambaye shi dalilin rancen da ke rataye na L ko giɓin da aka samu bara, idan littattafansa na nan daidai, yakan amsa cikin 'yan layuka, ya faɗi ranar da kwamiti ya amince da abin da kuma lokacin da za a biya.